Zafin da ya kashe tsofaffin Paris a 2003

Idan ka ce wa ɗan Maraɗi ko ɗan Tawa digiri 39 ya kashe dubban mutane, dariya zai yi, domin mu nan kowane Afrilu muna wuce 40 kuma ana zuwa kasuwa. Amma abin da ya faru ke nan a Faransa cikin watan Agusta na 2003, kuma duk shekara idan na zo darasin yanayi da ɗalibaina sai na ba su labarin.

A makonni biyu na farkon watan, iska mai zafi ta zauna a kan yammacin Turai ta ƙi gusawa. A Paris an yi kwana tara a jere ana wuce digiri 35. Abin da ya fi ɓarna shi ne dare: a ranakun 11 da 12 ma'auni bai sauka ƙasa da 25.5 ba har asuba. Duwatsu da kwalta na birni suna shan rana yini guda, da dare su amayar da ita, jiki kuwa da dare yake hutawa. Mu idan ɗaki ya gagara sai a fid da tabarma tsakar gida. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a hawa na shida ba ta da tsakar gida, kuma yawancin tsoffin benayen Paris rufinsu na kwanon zinki ne, ɗakunan ƙarƙashinsa kamar tanda suke. Duk malamin da ya taɓa koyarwa da rana tsaka a aji mai rufin kwano ya san abin da nake nufi.

Ga shi kuma Agusta watan babban hutu ne. Ƴaƴa sun tafi bakin teku, likitoci da yawa ba sa nan, gwamnati ma tana hutu. Ranar 10 ga wata wani likitan sashen gaggawa, Patrick Pelloux, ya fito ya ce mutane suna mutuwa. Washegari ministan kiwon lafiya, Jean-François Mattei, ya yi magana a talabijin daga gidan hutunsa, yana kwantar da hankali. Kafin mako ya zagayo ɗakunan ajiye gawa sun cika, har aka buɗe wani babban ɗakin sanyi a kasuwar abinci ta Rungis ana jera gawawwaki. Babban daraktan lafiya na ƙasa, Lucien Abenhaïm, ya yi murabus ranar 18.

Da aka yi lissafi, mutum kusan 15,000 ne suka rasu a Faransa fiye da yadda aka saba, akasarinsu sun haura shekara 75, mata sun fi yawa. A Turai baki ɗaya an ƙiyasta fiye da 70,000. Ranar 3 ga Satumba aka binne gawa 57 a maƙabartar Thiais, waɗanda babu dangin da ya zo nemansu, Shugaba Jacques Chirac yana tsaye. A ganina wannan jana'izar ce ta fi ba Faransawa kunya, fiye da alƙaluman.

A 2004 suka kafa tsarin gargaɗin zafi. Ma'aikatar magajin gari ta riƙa rubuta sunayen tsofaffi masu zaman kaɗaici don a kira su a ji lafiyarsu, aka tilasta wa gidajen kula da tsofaffi su tanadi ɗaki mai sanyi, aka kuma ƙara wa ma'aikata yini guda na aiki ba biya don a tara kuɗin kula da su.

Zafin ya dawo da ƙarfi a 2019. Ranar 28 ga Yuni aka auna digiri 46 a ƙauyen Vérargues na kudu, ranar 25 ga Yuli Paris ta kai 42.6, ta karya 40.4 da ke tsaye tun 1947. A wannan karon waɗanda suka rasu ba su kai 1,500 ba.