Daga Bakin Gora Zuwa Marfin Kwalba: Ƙota da Hannun Tsoho a Ƙasar Bagudo

Ƙasar Bagudo, tun daga Zagga da Ka'oje har zuwa Illo da Lolo, inda Kogin Kwara yake shigowa Nijeriya bayan ya raba Nijar da Benin, ƙasa ce wadda fatauci ya riga iyaka zuwa cikinta da ƙarnuka. Ta wannan yanki ne ayarin fatake masu neman goron Gwanja suke ƙetare ruwa su ratsa Bargu, gishirin Foga kuma yana gangarowa daga arewa. Sai a shekarar 1898, da Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a birnin Faris, aka ja layin da ya bar mutanen Illo a hannun Ingila, ya bar 'yan'uwansu na yamma a hannun Faransa. Abin da muke nufin dubawa cikin wannan dogon tarihi ƙarami ne a ido, amma ya shafi kowane gida da ke da tsoho a cikinsa, wato yadda ake rufe abin sha, da yadda ake buɗe shi.

A zamanin ayari, mazubin matafiyi gora ne da gyandama da salka, mai kuwa a tandu ake zuba shi, ruwan gida yana cikin tulu da randa, fura tana cikin ƙwarya da faifai a bisanta. Dukkan waɗannan, in mutum ya yi musu duban basira, zai ga ba su neman ƙarfin yatsa, domin abin da ake toshe bakin gora da shi, ko ɗan itace ne, ko totuwa, ko tsumma, tsohuwar da hannunta ya ƙage tana iya zare shi da tafin hannu ba tare da ta kira jika ba. Kayan aiki ma haka al'adarsu take, gama maƙeri ba ya ƙera fartanya domin mutumin da bai sani ba. Mai ita yakan zauna a maƙera, ana zuga ana hira, a duba tsawonsa da ƙarfin damtsensa, sa'an nan masassaƙi ya fere ƙota daidai da hannunsa, in ta yi kauri a rage, in ta yi siriri a sake wata. Ta haka manomin fadama da ya tsufa, da masuncin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ruwa, suke ci gaba da sana'arsu gwargwadon hali, ko da kuwa abin da jama'a ke kira sanyin ƙashi ya kama su.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne ga malaman da, don Ibnu Sina ya yi bayanin ciwon gaɓɓai a cikin littafinsa Alƙanun, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda ƙasar Bagudo take ƙarƙashin masarautar da ya kafa, ya wallafa Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki gaba ɗaya. Likitocin zamani suna kiransa amosanin gaɓɓai, sun kuma bayyana cewa iri mafi yawa yana faruwa ne idan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye saboda shekaru da yawan aiki, wani irin kuma, wanda ya fi kama mata, garkuwar jiki ce take far wa gaɓɓan har su kumbura, su ƙage da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kimanin miliyan 528 ne ke fama da irin na farkon, kuma gindin babban yatsa, wanda da shi ake matsa da murɗa, yana cikin wuraren da ya fi addaba.

To, ana cikin wancan tsohon tsari sai kwalba ta shigo da nata hukunci. A shekarar 1892 wani Ba'amurke na birnin Baltimore, mai suna William Painter, ya yi rajistar marfin ƙarfe mai haƙora wanda inji yake matsawa a bakin kwalba domin kada iskar lemo ta fice, bayan shekara biyu kuma ya yi rajistar mabuɗinsa. Kamfanin Nigerian Bottling Company, wanda aka kafa a 1951, ya fara cika kwalaben Coca-Cola a Ikko a 1953, daga nan lemon kwalba ya bi jirgin ƙasa da manyan motoci har ya iso kasuwannin bakin Kwara, yayin da na Benin yake shigowa ta Segbana da Tsamiya, ko cikin kwalekwale. Kafin a jima ya zama abin tarbar baƙo, da na walimar suna da ɗaurin aure. Sai dai wannan marfi, saɓanin toshiyar gora, an yi shi ne domin inji da doguwar tafiya, ba a yi la'akari da hannun mai sha ba. Ɗan mabuɗin da kamfanoni suke rabawa kuwa gajere ne, siriri, mai kaifin gefe, wanda mai shago yake ɗaurewa da igiya kada ya ɓata. Samari suka koyi buɗewa da haƙori, ko da bakin wata kwalbar, ko a gefen benci, tsofaffi kuma suka koma jiran wanda zai buɗe musu. Da gorar roba mai marfin murɗawa ta yawaita daga baya, al'amarin bai yi sauƙi ba, domin murɗa ƙaramin marfi ya fi wahalar da yatsun da suka kumbura.

Turawa da kansu ba su farga da wuri ba. Sai a 1990 wani ɗan kasuwa a Amurka, Sam Farber, da ya ga yadda matarsa mai amosanin gaɓɓai take shan wahala wajen fere tuffa, ya fito da kayan girki na OXO masu kaurin mariƙi da taushin roba, nan da nan kuwa masu lafiya ma suka rungume su, saboda abin da ya sauƙaƙa wa mai rauni bai taɓa tsananta wa mai ƙarfi ba. Hikimar da ke ciki ba ta wuce abu uku ba, kuma babu ɗaya da zai zama sabo ga Sarkin Maƙera. Na farko tsawo, domin in an ninka tsawon hannun mabuɗi sau biyu, ƙarfin da ake bukata yana komawa kamar rabi. Na biyu kauri, domin mariƙi mai cika hannu da tafi ake kama shi, ba da kan yatsu ba. Na uku kafewa, domin mabuɗin da aka kafa da ƙusa a jikin ginshiƙi yana bai wa mutum damar riƙe kwalba da hannu biyu, ya danna da nauyin jikinsa. Marfin murɗawa kuma, guntun robar tayar keke da aka naɗa masa yana hana santsi, yana rage matsin da ake nema.

Malaman fiƙihu, kamar yadda Imam Gazali ya bayyana, sun lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka tsayu da su an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Bisa ga wannan ma'auni, ba ya kamata tsofaffin Illo da Ka'oje su jira jirgin ruwa ya kawo musu mabuɗi daga Amurka, alhali ga maƙera da masu walda da masassaƙa a kowace kasuwa, ga guntayen rodi da ƙarfen tsofaffin motoci, ga itacen ƙota. Abin da ya rage shi ne 'ya'ya da jikoki su kai wannan bukata maƙera, kamar yadda kakanninsu suke kai awon fartanya, su ce a ƙera wa Baba ko Inna mabuɗi mai tsawon taƙi guda, a sa masa ƙota daidai hannunsu. Domin maƙeri, tun fil azal, abin da aka zo aka tambaye shi yake ƙerawa.