Ɗan Hakin da Aka Raina: Tarihin Ƙananan RNA da Cutar Jijiyoyin Jini ta Masu Ciwon Sukari



A shekarar 1921 ne Banting da Best suka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma tun daga 1922 aka fara ceton rayuka da shi. Amma da masu ciwon sukari suka daɗe a duniya, sai wata matsala ta bayyana. Sukari yana cin bangon jijiyoyin jini a hankali, kitse ya taru, hanya ta tsuke. Daga nan ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke tasowa, da gyambon ƙafa irin wanda kan sa manomi daga Zakka ya tafi asibiti a Katsina da ƙafa biyu, ya komo da ɗaya.

To, ina maganar RNA ta shigo? Bayan Watson da Crick sun bayyana siffar DNA a 1953, masana sun ɗauka aikin RNA kusan duka hidimar ƙera furotin ne. Sashen gado da ba ya ƙera furotin kuwa, Susumu Ohno ya kira shi shara a 1972. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano cewa wani ɗan guntun RNA a jikin wata 'yar tsutsa yana hana ƙera wani furotin. Wannan aiki ne ya samo musu kyautar Nobel a 2024.

A 2010 ayarin Manuel Mayr a Landan ya nuna cewa miR-126, wanda ke kiyaye lafiyar bangon jijiya, yana raguwa a jinin masu ciwon sukari. A 2020 Turai ta amince da allurar inclisiran, guntun RNA da ke rage mugun kitsen jini da kusan rabi, ana yin ta sau biyu a shekara. Maganin da zai mayar da miR-126 kansa yana ɗakin gwaji har yanzu.

Saboda haka, ɗalibai, bincike yana jiranku, don jinin mutanenmu ya shiga lissafi. Ku kuma ma'aikata, kafin irin wannan allura mai tsada ta iso ƙauye, ku tabbatar akwai na'urar awon sukari da ta hawan jini a asibitocin Safana da Batsari. Rigakafi ya fi magani.