Alex Ferguson: Yadda ɗan ma'aikacin jirgin ruwa ya zama dattijon ƙwallo

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin gidan kallo a Roni ko Kazaure, janareto na ruri a waje, ya san fuskar: dattijo mai tabarau, bakinsa ba ya rabuwa da cingam, yana nuna wa alƙalin wasa agogon hannunsa. Yawancin matasanmu sun tarar da Alex Ferguson ne yana kan ganiyarsa, shi ya sa suke ganin kamar da kofi a hannu aka haife shi. Alhali kafin nan ya sha zargi, an taɓa korarsa, ya kuma yi shekaru yana shuka ba girbi.

Daga Govan zuwa Rangers

An haife shi ranar 31 ga Disamba, 1941, a Govan, unguwar talakawa a birnin Gilasgo na Sikotland. Mahaifinsa yana aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa. Shi kansa sana'ar ƙera kayan aikin injina ya koya, har ya zama wakilin ƙungiyar ƙwadago a wurin aikinsu. Da rana yana gaban inji, da yamma yana filin atisaye.

Yana da shekara 16 ya fara buga wa Queen's Park a matsayin ɗan wasan gaba, ba albashi. A 1960 ya koma St Johnstone, inda zaman benci ya ishe shi har ya fara tunanin ƙaura zuwa Kanada. Sai ga wata rana a Disambar 1963: aka sa shi a wasa da Rangers a filinta na Ibrox, ya zura ƙwallo uku shi kaɗai, ƙungiyarsa ta ci 3 da 2. Daga nan ƙofa ta buɗe. Dunfermline ta ɗauke shi a 1964, kuma a kakar 1965/66 ya ci ƙwallo 31 a gasar ƙasar, ya yi kunnen doki da Joe McBride na Celtic.

A 1967 Rangers, ƙungiyar da ya tashi yana ƙauna, ta saye shi a kan fam 65,000, kuɗin da ba a taɓa biya tsakanin ƙungiyoyin Sikotland biyu ba a lokacin. Amma zaman bai ƙare da daɗi ba. A wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 1969, shi aka ɗora wa tsare kyaftin ɗin Celtic, Billy McNeill. Minti biyu kacal da take wasa aka bugo kwana, McNeill ya tashi babu mai tare shi, ya sa kai, sai raga. Celtic ta lallasa su 4 da nema. Mutum goma sha ɗaya suka sha kashi, amma laifin tudu ɗaya aka taka: aka mayar da Ferguson cikin ƙananan 'yan wasa, bai sake buga wa babbar ƙungiyar ba. Ya ƙarasa wasansa a Falkirk da Ayr United, ya rataye takalmi a 1974.

Koci a kan fam 40

Yana da shekara 32 ya karɓi horar da East Stirlingshire a kan fam 40 a mako, ya tarar ko mai tsaron gida ba su da shi. Bayan 'yan watanni ya koma St Mirren, ya tara yara matasa, ya haye da su babban rukuni a 1977. Shekara ta zagayo suka ɓata da shugabannin ƙungiyar, aka sallame shi. Ita ce ƙungiya ɗaya tilo da ta taɓa korarsa.

Daga nan ya koma Aberdeen, kuma a can ne duniya ta fara jin sunansa. Celtic da Rangers sun shekara 14 suna karɓa-karɓa da kofin gasar ƙasar, sai ya ƙwace shi a 1980, ya ƙara a 1984 da 1985. Bayan nasa na ƙarshe, an sake shafe shekara 40 kofin bai fita daga hannun manyan biyun ba. Ranar 11 ga Mayu, 1983 kuwa, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a birnin Gothenburg na Suwidin, Aberdeen ta doke Real Madrid 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, ta ɗauki kofin Turai na zakarun kofuna.

A Satumbar 1985 ubangidansa Jock Stein, kocin Sikotland, ya yanke jiki ya faɗi a bakin fili a Cardiff, rai ya yi halinsa. Ferguson, wanda ke mataimakinsa, shi ya ja ragamar ƙasar zuwa gasar cin kofin duniya ta 1986 a Meziko.

Shekarun fari a Manchester

Ranar 6 ga Nuwamba, 1986 ya kama aiki a Manchester United, tana can kusa da ƙasan tebur. Ya yaƙi shaye-shayen 'yan wasa, ya baza masu farautar yara masu hazaƙa, ya gyara makarantar matasa. Duk wannan aiki ne da ɗan kallo ba ya gani. Abin da ɗan kallo ya gani shi ne kaka uku babu kofi, da kashin 5 da 1 a hannun Manchester City a Satumbar 1989. Magoya baya suka ɗaga ƙyalle suna neman a kore shi, jaridu suka taya su. Shugabannin ƙungiyar suka toshe kunne.

A Janairun 1990 Mark Robins ya ci ƙwallo ɗaya da ka a gidan Nottingham Forest, kuma daga wannan wasa suka miƙe har suka ɗauki kofin FA. A 1993, da taimakon Eric Cantona, United ta ci gasar Ingila karon farko cikin shekara 26. Yaran da aka rena a gida, su Giggs da Scholes da Beckham, suka kawo ƙarfi. A 1999 suka haɗa kofi uku a kaka ɗaya, ciki har da na Zakarun Turai, inda Sheringham da Solskjaer suka ci Bayern Munich biyu a mintunan ƙarshe. Ya sake ɗaukar kofin Zakarun Turai a Mosko a 2008, kuma a Yulin shekarar ya kawo ƙungiyarsa Abuja, ta doke Portsmouth 2 da 1.

Ya yi ritaya a Mayun 2013 bayan wasa na 1,500 a United, da kofi 38, 13 daga ciki na gasar Firimiya. Magajinsa David Moyes, shi ma ɗan Sikotland, wata goma kawai aka ba shi.

Abin da ya shafe mu

Ina ba da wannan tarihi ne saboda masu horar da yaranmu a filayen firamare na Roni da Gwiwa da Babura, waɗanda ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsu, kuma da an ci su wasa biyu sai surutu ya tashi. Haka abin yake har a manyan ƙungiyoyinmu: a ɗauki koci da damina, a sallame shi kafin kaka. Ferguson ya shekara shida da rabi a Manchester kafin ya ci gasar ƙasar. Da an kore shi a 1989, da babu dattijon agogon da muke tunawa a gidan kallo. Wanda muka danƙa wa yaranmu, mu duba aikin da yake yi a filin atisaye kafin mu duba allon sakamako, mu kuma ba shi lokaci gero ya nuna.