Gozaki da Ƙasar Auduga: Tarihin da ke Ƙofar Gidanmu

 

Da yawa daga cikinmu mun haddace tarihin daulolin Gana da Mali da Songhai domin cin jarrabawa, amma in aka tambaye mu labarin Gozaki, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur, sai mu yi shiru. Ga shi kuwa tun kafin Funtuwa ta zama gari, tun kafin a shimfiɗa kwalta zuwa Malumfashi, sunan Gozaki sananne ne a ƙasar Katsina. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in tuna mana matsayin wannan gari da kewayensa, in kuma nuna abubuwan da mai ziyara ya kamata ya nema in Allah ya kai shi.

Ƙasa da Daji

Abu na farko da za a duba shi ne ita kanta ƙasar. Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, domin a shekara mai kyau akan samu kimanin milimita 1,000. Ga kuma ƙasar laka mai riƙe danshi, wadda auduga da dawa ke so, ga fadamu na rake da kayan lambu. A da can wannan yanki daji ne mai duhu, cike da kaɗanya da ɗorawa da marke da tsamiya, ga kuma manyan duwatsu jefi-jefi. Daga kusa da Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya faro. Manomi ya samu ƙasa, makiyayi ya samu ciyawa, maharbi ya samu nama, maƙeri ya samu itacen gawayi, wanda ya ji tsoron hari kuma ya samu dutsen fakewa. Wannan ne ya sa mutane suka yi ta tururuwa zuwa nan, unguwanni suka zama ƙauyuka, ƙauyuka kuma suka zama garuruwa masu ganuwa.

Gozaki a Daular Katsina

Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 2005, ya rubuta littafi a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, aka buga shi a Zariya a 1981. Duk mai son sanin yadda garuruwan kudu irin su Gozaki da Maska da Birnin Kogo suka shiga cikin daular Katsina, to, nan ya kamata ya fara. Waɗannan garuruwa suna da sarakunansu, amma suna kai gaisuwa da haraji Birnin Katsina.

Muhimmancin Gozaki ya zo ne ta fuska biyu. Na ɗaya, arzikin noma, musamman auduga. Na biyu, wurin da take zaune, watau kusa da inda iyakokin Katsina da Kano da Zazzau suka haɗu. Daga gabas ga ƙasar Ƙaraye ta Kano, daga kudu ga ƙasar Zazzau. Kano da Katsina sun daɗe suna gwabzawa a ƙarni na 16 da na 17, sai wajen 1650 aka yi sulhu a zamanin Sarkin Kano Shekarau. Garin da ke bakin iyaka a irin wannan zamani tilas ya yi ganuwa, ya kuma kwana cikin shiri. In an samu lafiya kuwa, hanyar da mayaƙa suka bi ita fatake ke bi, kasuwa ta ci.

Daga Gona Zuwa Karofi

Yaran yanzu sun san auduga ne a buhu, ana loda ta a mota. A wancan zamani kuwa kusan duk aikinta a gida ake gama shi. In an tsince ta, mata su gurje ta da magurji su fitar da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa. Masaƙa su saƙa ƙwarya-ƙwarya, maɗinka su harhaɗa. Daga nan sai karofi, inda marina ke tsoma tufa cikin ruwan baba, sannan mabuga su buge ta har ta yi ƙyalli. Ƙasar Maska ta yi suna ƙwarai wajen saƙa da rini. Tufafin ƙasar Hausa kuwa sun kai Agadas da Borno, sun kuma bi ayarin fataken goro har Gwanja. Sarauta ma ta ci moriyar wannan sana'a, domin ban da kuɗin ƙasa akwai kuɗin karofi da marina ke biya. Ke nan gonar manomi guda ta ciyar da mai kaɗi da masaƙi da marini da falke, har da fada.

Jihadi da Bayansa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Zuwa 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar tsofaffin sarakuna kuma suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Tun daga nan har zuwan Turawa ba a daina kai hare-hare tsakanin Katsina da Maraɗi ba, kuma mayaƙan Maraɗi sukan ratso ta Dajin Rugu. Arewa maso yammacin ƙasar ya fi shan wahala, saboda haka nauyin ciyar da masarauta ya ƙara komawa kudu. A tsarin sarautar Katsina, wannan ɓangare namu na Galadima ne, kuma Malumfashi ce mazauninsa. Yawancinmu mun ga zamanin Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya bar shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ya zama Galadiman Katsina a 1992, ya riƙe sarautar har rasuwarsa a 2019.

Kada kuma a manta da Maguzawa, waɗanda suka daɗe a ƙauyukan Ƙafur da Malumfashi, manoma na gaske masu manyan gidaje da rumbuna. Daga baya wasunsu sun musulunta, wasu sun shiga addinin Kirista. Ba za a rubuta tarihin wannan ƙasa ya cika ba tare da su ba.

Yadda Jirgi Ya Sauya Hanya

Me ya sa Gozaki ta koma baya, Funtuwa ta wuce gaba? Amsar tana ga hanya. Turawa sun karɓi Katsina a 1903, aka naɗa Muhammadu Dikko sarki a 1906. Masaƙun Ingila na bukatar auduga, saboda haka Turawa suka zuba ido a kan wannan yanki. A 1915 Sarkin Maska ya tashi daga Maska ya koma Funtuwa. A ƙarshen shekarun 1920 aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka buɗe gonar iri a Daudawa, masu bincike a Samaru kuma suka riƙa fitar da irin da ya dace da injin Bature. Malumfashi ita ma ta samu nata gidan gurza.

Daga nan auduga ta daina tsayawa a gidan masaƙi. Sai manomi ya kai ta fuloti, malamin auduga ya duba, a aza a sikeli, a biya shi, ta wuce tashar jirgi. Yadin kanti mai araha ya shigo kasuwa, karofi ya fara bushewa. Garin da jirgi da babbar hanya suka bi ya cika ya batse, wanda suka kauce wa kuma ya zauna da tsohon sunansa. Abin da ya sami Gozaki ke nan, shi ne kuma ya sami Maska.

Bayan haka ma abubuwa sun ci gaba da juyawa. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga, a 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kaduna. Daga 1975 zuwa 1980 aka gudanar da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya yawaita takin zamani da hanyoyin karkara, ya kuma sa masara ta zama babban amfanin gona a nan. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin ciniki, a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, sannan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yau masara da waken suya da tumatirin rani sun karɓe gonaki da yawa da a da fari fat suke da kaka.

Abin da Mai Ziyara Zai Nema

Wanda ya je Gozaki ya fara da gaida mai gari, kamar yadda al'ada ta tanada, ya roƙi a haɗa shi da dattijon da zai zagaya da shi. Ya tambayi inda ganuwa ta bi da inda ƙofofinta suke, da sunayen tsofaffin unguwanni, domin sau da yawa sunan unguwa kan faɗi sana'ar mutanenta ko inda suka fito. Ya tambayi inda marina suka yi karofi, da inda maƙera suka zauna. Ya lura da tsofaffin kukoki, domin a ƙasar Hausa taron kuka a fili alama ce ta kufai. In ya dace da ranar kasuwa, ya zaga layin hatsi da na daddawa da man kaɗe, ya ga abin da dajin nan ke bayarwa har yanzu.

Daga nan ya leƙa maƙwabta irin su Kuringafa da Dutsen Kura da Mahuta, da Masari, garin Alhaji Aminu Bello Masari, wanda ya yi Kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, ya kuma yi Gwamnan Jihar Katsina daga 2015 zuwa 2023. A Malumfashi ga fadar Galadima. Da rani ya bi ta Danja ya ga lambunan tumatir da rake. A Funtuwa ga dutsen garin, ga tsohuwar tashar jirgi, ga madatsar ruwa ta Mairuwa. A Funtuwar ce kuma Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi zamansa shekara da shekaru. Sai dai a yi tafiya da rana, a kuma nemi shawarar mutanen gari, domin dajin da ya ciyar da kakanninmu ya zama maɓoyar ɓarayi ta wajen yamma. Babu tsohon ɗalibin da zai manta da daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

Kira ga Ƙungiya

Abin da ke gabanmu shi ne lokaci. Ganuwar ƙasa ba ta jure ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini. Itatuwa na ƙarewa a hannun masu gawayi. Dattawan da suka ga fulotin auduga da idonsu, suka kuma ji labarin karofi daga bakin iyayensu, kullum raguwa suke yi. In suka tafi, da abin da suka sani za su tafi.

Saboda haka ina ba Ƙungiya shawara uku. Ta ɗauki nauyin kai ɗaliban ajin ƙarshe ziyara Gozaki da Maska sau ɗaya a shekara, tare da malamin tarihi. Ta sa 'ya'yanta da suka fito daga waɗannan garuruwa su ɗauki muryar dattawansu a waya, a rubuta, a ajiye kwafi a laburaren makaranta. Ta kuma sa 'yar kyauta ga ɗalibin da ya fi iya rubuta tarihin garinsu da Hausa. Duk wannan bai kai kuɗin liyafar taronmu na shekara ba, kuma a cikinmu akwai malaman jami'a da 'yan jarida da masu riƙe da sarauta da za su iya tsayawa a kai. Da fatan Sakatare zai sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.