Sana'ar katako a Ikara da Maƙarfi da Kudan

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda ke tsakanin Zariya da iyakar jihar Kano, sun fi shahara da noman rake da tumatur da masara. To amma da wuya a ga babban gari a yankin da babu rumfar 'yan katako da shagon kafinta, saboda yawan gine-gine da buƙatar ƙofofi da gadaje da bencinan makarantu.

Yankin dai ba shi da kurmi. Ruwan saman da yake samu bai wuce kimanin milimita 1,000 ba a shekara, kuma galibin itatuwansa a cikin gonaki suke. Don haka katakon da ake amfani da shi ta hanyoyi biyu yake zuwa: wanda ake kawowa daga kudu, da kuma wanda ake tsagawa daga itatuwan gida.

Kafin zuwan inji

A da, aikin itace na masassaƙa ne. Da gatari da gizago suke fitar da turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, daga itatuwa irin su ƙirya da marke da kaɗanya.

Rufin ɗaki kuwa da azara ake yinsa, wato giginyar da aka tsaga, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Da ita magina suka ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Isowar jirgin ƙasa Zariya da Kano a 1911 ta buɗe hanyar shigo da kwanon rufi da katakon kudu. Shi kuwa kwano sai da falanki da ƙusa, kuma daga nan ne kafinta ya fara karɓe aikin da a da magini da masassaƙi ke yi.

Inda katakon ke fitowa

Manyan masana'antun tsaga katako na Najeriya suna kudu ne, musamman a jihohin Ondo da Edo da Ogun da Delta da Kuros Riba. A garin Sapele ne kamfanin UAC ya kafa katafariyar masana'antar African Timber and Plywood a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta daɗe tana cikin mafiya girma a Afirka.

Daga waɗannan wurare ne manyan motoci ke ɗauko katakon afara da obeche da iroko zuwa kasuwannin arewa, irin su 'Yan Katako ta Sabon Garin Zariya da ta Na'ibawa a Kano, inda ƙananan 'yan kasuwa na ƙauyuka ke saro shi. Kuɗin mota da na man dizal na cikin abubuwan da ke tsawwala farashinsa kafin ya kai hannun mai gini.

A cikin jihar Kaduna ma akwai gandun dajin da aka dasa domin katako, kamar na Nimbiya a kudancin jihar da na Afaka kusa da Kaduna. A shekarun 1960 an buɗe tashar binciken itatuwa a Samarun Zariya, wadda ta gwada dashen itacen turare da wasu baƙin irin. Dazukan Birnin Gwari kuwa, matsalar 'yan bindiga ta hana shigarsu cikin kwanciyar hankali tun shekarun 2010.

Injinan sana'ar

Mafi daɗewa a cikin kayan aikin shi ne dogon zarton mutum biyu. Akan gitta gungume a kan rami, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna ja suna saki. Gungume guda kan ci musu kwanaki.

Injin zarto mai sarƙa ne ya kawar da shi. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, sannan mai aiki da fetur a 1929, kuma har yanzu injinan kamfaninsa na cikin waɗanda aka fi gani a dazukan Najeriya. Da shi mutum ɗaya da yaronsa ke kayar da itace, su ja layi da igiya, su tsaga shi falanki-falanki a nan inda ya faɗi.

Sai dai bakinsa na da kauri, don haka itace mai yawa ke zama gari, kuma falankin ba ya fita sumul. Ga shi da haɗari, domin yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi.

A manyan masana'antu kuwa, injin da aka fi amfani da shi shi ne mai zarto kamar ɗamara, wanda ke zagaya ƙafafu biyu yana bin gungumen a kan dogo. Siririn bakinsa na rage asara, amma duk da haka binciken masana a Najeriya ya nuna cewa kusan rabin gungumen ne kawai ke zama katako.

A kasuwannin arewa an fi ganin injin faifan zarto mai tebur, wanda ke raba falanki zuwa tu-bai-tu ko tu-bai-fo, da injin goge katako, da na wasa haƙoran zarto. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa yawancinsu da janareta suke aiki. Garin katakon ma ba ya zama shara, domin masu kiwon kaji na shimfiɗa shi, wasu kuma na girki da shi.

Itatuwan gona

A Ikara da maƙwabtanta, injin sarƙa ya fi faɗawa kan maɗaci da rimi da maje da darbejiya da turare. A nan ne manomi ke shiga tsaka mai wuya. Kuɗin itace sau ɗaya ake karɓarsu, alhali ɗorawa na ba da kalwar daddawa kowace shekara, kaɗanya na ba da mai, gawo kuma na ƙara wa gona taki. Ribar kalwa da man kaɗe galibi ta mata ce, amma ba kasafai ake neman shawararsu ba kafin a sayar da itacen.

Maɗaci kan ɗauki shekaru da dama kafin ya isa yanka, shi kuwa turare yakan ba da sandunan gini cikin 'yan shekaru, ya kuma sake tohowa bayan an sare shi.

Doka da ƙididdiga

Kula da gandun daji a Najeriya alhakin gwamnatocin jihohi ne, kuma a ƙa'ida sai da izinin malaman daji ake sare itacen katako. Ƙarancin ma'aikata ya sa aiwatar da dokar ke da wuya.

Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2010 cewa Najeriya na asarar kusan hekta 410,000 na daji a shekara. A rahoton 2020 ta ce kimanin hekta 163,000 ne a kowace shekara tsakanin 2010 da 2020.

A 2016 ne yarjejeniyar CITES ta sanya maɗobiya cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, bayan da aka yi ta jigilarta zuwa China, kuma a 2018 aka nemi ƙasashe su dakatar da sayenta daga Najeriya. A taron Panama na 2022 an ƙara da maɗaci da kawo.

Wannan yarjejeniya ba ta shafi cinikin cikin gida ba. Makomar itacen da ke gonar Kudan ko Maƙarfi na hannun mai gonar ne da mai unguwa da malamin daji.