Gwanjon Dariyar Jariri: Tarihin Wani Bidiyo

A watan Mayun 2007, wani magidanci a Ingila ya ɗora bidiyon 'ya'yansa biyu a YouTube. Tsawonsa bai kai minti ɗaya ba: jariri ya gantsara wa yatsan wansa cizo, wan ya yi ƙara, jaririn ya ƙyalƙyale da dariya. Wannan bidiyo, mai suna "Charlie Bit My Finger", an kalle shi fiye da sau miliyan 800.

Bayan shekara 14, a Mayun 2021, iyalin suka yi gwanjonsa a matsayin NFT, wato shaidar mallaka da ake rubutawa a wani kundin intanet mai wuyar sauyawa. Aka saye shi dala 760,999. Da fari an sanar cewa za a cire shi daga YouTube, amma daga bisani mai sayen ya amince a bar shi.

To, me ya saya? Suna kawai, tunda kowa na iya kallon bidiyon kyauta. Iyalin suna da hujjarsu, domin sun ce kuɗin zai ɗauki nauyin karatun yaran a jami'a, kuma ba laifi ba ne mutum ya ci moriyar abinsa. Sai dai idanun miliyoyin masu kallo ne suka ba bidiyon daraja, kuma saura ƙiris cinikin ya raba su da shi ba tare da an tuntuɓe su ba.

Kasuwar NFT ta faɗi warwas a 2022. Dariyar jaririn kuwa har yau ana kallonta kyauta.