Chuanxiong: Tarihin Saiwar da Sinawa ke Sha don Ciwon Ɓarin Kai

Chuanxiong saiwa ce mai ƙarfin ƙamshi, dangin karas, wadda aka fi nomawa a lardin Sichuan na ƙasar Sin. Kusan shekara 2,000 ke nan masu maganin gargajiya na can suna ba mai ciwon kai ita, har da mai ciwon ɓarin kai, wanda kan zo da tashin zuciya ya hana mutum kallon haske.

Sinawan da suna kiran ciwon kai mai tafiya ya dawo "iskar kai", don a ganinsu iska ce ke kutsawa cikin kai ta hana jini gudu. Ita ce ta addabi Cao Cao, sarkin yaƙin da ya rasu a shekarar 220. Likita Hua Tuo kan tsira masa siraran allurai ya samu sauƙi. Da likitan ya tafi gida ya ƙi dawowa, sai Cao Cao ya sa aka kashe shi, ciwon kuwa bai rabu da shi ba.

Littafin Shennong Bencao Jing, mai ɗauke da magani 365, ya lissafa saiwar chuanxiong cikin masu maganin ciwon kai.

A zamanin daular Song (960–1279) sunanta ya ƙara fitowa, lokacin da littafin gidan magani na gwamnati ya kawo haɗin Chuanxiong Chatiao San. Abubuwa 8 ake dakawa su zama gari, ciki har da na'a-na'a da saiwar xixin, a sha da ruwan shayi bayan cin abinci. Har gobe ana sayar da shi a shagunan magani na Sin.

A ƙarni na 20 masana suka tace sinadarin ligustrazine daga saiwar chuanxiong, suka ga yana sassauta jijiyoyin jini a ɗakin gwaji. Asibitocin Sin sun gwada haɗe-haɗenta a kan masu ciwon ɓarin kai, rahotanni da dama sun ce ciwon ya rage tasowa. Amma masu bitar binciken sun koka cewa galibi majinyatan kaɗan ne, tsarin gwajin kuma da rauni.

Akwai kuma wurin taka tsantsan. Tsiron xixin, wanda saiwarsa ke cikin haɗin Chuanxiong Chatiao San, na ɗauke da wani sinadari mai lahanta ƙoda, wanda ya fi yawa a ganyensa, shi ya sa hukumomin Sin suka taƙaita amfani da shi ga saiwarsa kaɗai.